Ɗalibi mai son shiga GSoC ko Outreachy: ya fara yanzu ko ya jira Fabrairu?

Sadiƙu Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yayyena da antocina, shawara nake nema. Ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, kullum daga Agege nake shigowa makaranta. Bara wani ɗan ajinmu ya samu shiga Google Summer of Code (GSoC), shirin Google da ake biyan sabbin shiga alawus su yi aiki a manhajojin da kod ɗinsu yake a buɗe ga kowa, tun daga lokacin abin ya tsaya mini a rai. Na iya Python daidai gwargwado, na ɗan taɓa JavaScript, ina da shafi a GitHub amma ayyukan aji biyu ne kawai a ciki. Yanzu muna Nuwamba. Niyyata in yi wata uku ina ƙara karatu, idan Fabrairu ta zo suka fitar da sunayen ƙungiyoyin da za a yi wa aiki sai in zaɓa. Wannan tsarin ya yi? Laftof ɗina ram 4 gare ta, wuta kuma a layinmu sai a hankali.

Anti Hauwa Yaba:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Abu ɗaya zan cire daga tsarinka, wato jiran Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Google kan fitar da sunayen ƙungiyoyi wajen ƙarshen Fabrairu, a buɗe karɓar takardu cikin Maris, a rufe a farkon Afrilu, sakamako ya fito a Mayu. To lissafa da kanka. A cikin waɗannan 'yan makonnin za ka sauke manhajar, ka tayar da ita a kwamfutarka, ka gane ina kai ina ƙafa, ka tura gyara a karɓa, ka rubuta takardar tsarin aikinka, ga kuma karatun makaranta. A daidai lokacin ne jama'a daga ko'ina ke cika zauren hirar ƙungiyar, kowa yana roƙon a ba shi aiki. Masu riƙe da manhajar mutane ne, ba za su iya sanin kowa a sati biyu ba. Sunan da suke gani tun Nuwamba shi ne zai zauna musu.

Tun 2005 ake yin shirin nan, kuma shafinsu yana ɗauke da sunayen ƙungiyoyin shekarun baya. Waɗanda suka shiga shekara uku ko huɗu a jere yawanci sukan dawo. Duba masu aiki da Python, akwai irin su SymPy da Django da Zulip, haka Wikimedia tana da Pywikibot. Ka ware biyu, ka shiga wurin hirarsu, ka yi sati guda kana karanta abin da suke faɗa ba tare da ka ce uffan ba.

Malam Bello Ikeja:
Hajiya Hauwa, ban ƙi maganarki ba, amma akwai gaskiya a wurin yaron nan. Wanda bai iya Git ba, wato manhajar adana tarihin canje-canjen kod, idan ya faɗa cikin manhajar jama'a, wahala zai ba su. Na ga ɗalibai da yawa suna tura gyara kai tsaye daga babban reshe, an ce su sabunta nasu da na sama sai komai ya cakuɗe, su rufe, su sake buɗe sabo, sau uku sau huɗu. Masu yin bitar nan da yawansu aikin sa kai suke yi bayan sun taso daga wurin neman abincinsu. Kun tuna abin da ya faru a Hacktoberfest ta 2020, shirin watan Oktoba da ake ba masu tura gyara kyautar riga? Mutane suka riƙa tura gyaran banza, a ƙara kalma ɗaya a takardar bayani don a samu riga, har DigitalOcean, kamfanin da ke shirya shi, ta canza doka ta ce sai rumbun kod ɗin da masu shi suka yarda da kansu za a ƙirga. Ba na son sunan 'yan Najeriya ya shiga irin wannan sahun.

Shawarata Sadiƙu, ka ba wata ɗaya haƙƙinsa. Ka koyi yanke reshe, ka koyi rubuta bayanin gyara mai ma'ana, ka koyi warware karo idan gyaranka da na wani suka haɗu a layi ɗaya. Ka nemi aboki, ku buɗe rumbu na gwaji, ku taɓa layi ɗaya da gangan ku warware. Sannan ka fita.

Sadiƙu Agege:
Na gode Malam, na gode Anti. Gaskiya warware karon nan ban taɓa yi ba.

Anti Hauwa Yaba:
Malam, abin da ka lissafa na Git aikin kwana uku ne zuwa sati, na yarda ya yi shi. Inda nake jin tsoro shi ne kalmar "sai na shirya". Na san mutane masu ƙwaƙwalwa da suka shekara biyu suna shiri, daga wannan darasin bidiyo zuwa wancan, har suka tafi bautar ƙasa ba su taɓa buɗe kod ɗin wani sun karanta ba. Darasi yana koya maka rubuta layi ɗari naka. Ba ya koya maka shiga cikin layi dubu ɗari na wasu ka gano inda matsala take.

Bari in ba ku labarin gyarana na farko. Wata manhajar rajistar mutane ce, ba sai na faɗi sunanta ba. Ina gwada ta a ɗakina, na rubuta Ƙasimu a gurbin suna, sai ta fito da jan rubutu wai sunan bai inganta ba. Na goge na sa Kasimu, ta karɓa. Na gwada Ɗanladi, ta ƙi. Na bi saƙon kuskuren da bincike har na iske layin: an rubuta ƙa'idar da ba ta yarda da kowane harafi ba sai A zuwa Z. Wanda ya rubuta ba mugunta ya yi ba, bai taɓa ganin ƙ da ɗ da ɓ ba ne. Na rubuta ƙorafi, na sa hoton allon, na faɗi matakai uku da kowa zai bi ya ga abin da idonsa. Wata baiwar Allah daga cikinsu ta amsa, ta ce ko zan gwada gyarawa? Gyaran layi ɗaya ne. Amma ta ce in haɗa da gwaji mai sarrafa kansa, ni kuma ban taɓa rubuta irinsa ba, sai da na kwana biyu ina karanta nasu na baya. Na tura, ta dawo da shi sau uku. Na farko tsarin rubutu, na biyu ban gwada manyan haruffa ba, wato Ƙ da Ɗ, na uku ta ce in duba sunaye masu ɗauke da alama kamar Sa'adatu. Ranar da aka haɗe shi ina cikin BRT wajen Oshodi, wayata ta yi ƙara, na karanta saƙon ya fi sau biyar.

Abin da na koya a waɗannan makonni uku ban samu rabinsa a zangon karatu guda ba. Kuma ku lura, abin da ya sa na ga matsalar shi ne Hausata. Akwai irin waɗannan birjik da ba wanda zai gani sai mu.

Malam Bello Ikeja:
Madalla. Amma ki lura kin karanta gwaje-gwajensu kafin ki rubuta naki, kin kuma yi haƙuri da bita sau uku. Wannan shi ne shirin da nake nufi. Idan zai yi haka, ya fara gobe ma. Sai dai kafin ya taɓa komai ya karanta fayil ɗin CONTRIBUTING daga farko zuwa ƙarshe, domin kowane gida da al'adarsa. Wikimedia misali ba ta GitHub take karɓar gyaran MediaWiki ba, Gerrit take amfani da shi, ƙorafe-ƙorafe kuma suna Phabricator.

Nura Idi-Araba:
Salam. Ni dai a faɗa mana gaskiya, nawa ake biya? Domin wasunmu lokacin hutu ne muke zama shagon yayye mu haɗa kuɗin makaranta.

Anti Hauwa Yaba:
GSoC na da girman aiki kala uku: ƙarami kimanin awa 90, matsakaici awa 175, babba awa 350. Alawus ya danganta da ƙasar da kake zaune, mafi ƙaranci shi ne dala 750 da 1,500 da 3,000 bi da bi. Kashi biyu ake biya, bayan tantancewar tsakiya da ta ƙarshe, kuma sai jagoranka ya ce ka ci. Ta Payoneer suke turowa, saboda haka sunan da ke katin shaidarka ya zama daidai da wanda ka yi rajista da shi. Tun 2022 ba ɗalibai kaɗai ba ne, duk wanda ya kai shekara 18 kuma sabon shiga ne a harkar yana iya nema, don haka gasar ta ƙaru.

Malam Bello Ikeja:
Nura, wanda ya shiga don dala kaɗai ba ya kai labari. Masu nema sun ninka waɗanda ake ɗauka nesa ba kusa ba. Idan sakamako ya fito babu sunanka fa? Za ka ce wata biyar ɗinka sun tafi a banza?

Nura Idi-Araba:
Malam, da girmamawa, neman kuɗin ba abin kunya ba ne. Mahaifina ɗan canji ne a da, yanzu ƙarfi ya ƙare, ni da yayana muke riƙe da gidan. Idan na ajiye shago wata uku dole in san abin da zai maye gurbinsa. Waɗanda suka tsara shirin ma ai don haka suka sa alawus, don wanda ba shi da hali ya samu zama ya yi aikin. Ban ce ba na son koyo ba.

Malam Bello Ikeja:
Ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Abin da zan ce kawai, kada ka saki shagon tun yanzu. Awa ɗaya ko biyu a rana daga nan zuwa Afrilu ta isa, sai sakamako ya fito ka yanke shawara. Ko ba a ɗauke ka ba, gyare-gyaren da aka haɗe suna nan da sunanka kowa na gani. Ni idan ana ɗaukar ma'aikata a wurinmu, su nake fara buɗewa kafin takardar shaidar karatu, domin a nan nake ganin yadda mutum ke amsa gyara idan an ce ya yi kuskure.

Zainab Obalende:
Assalamu alaikum. Tunda Sadiƙu ya buɗe maganar, bari in ƙara ta Outreachy, ni ita nake shiri. Software Freedom Conservancy ce ke gudanar da ita. Wata uku ne, alawus dala 7,000, zagaye biyu a shekara, Mayu zuwa Agusta da kuma Disamba zuwa Maris. An yi ta ne don mutanen da ake nuna wa bambanci ko ba su da wakilci a harkar fasaha a inda suke, kuma ba rubuta kod kaɗai ba, akwai rubuta bayani da zane da nazarin bayanai. Matakin farko tambayoyi ne da za ka amsa da labarin rayuwarka. Idan ka tsallake, sai wata guda na ba da gudummawa, a nan jagorori ke zaɓa.

Abin da ke damuna shi ne sharaɗin ɗalibai. Suna son kwana 42 a jere babu aji babu jarrabawa a cikin lokacin aikin, kuma sukan nemi jadawalin makaranta. Tun yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jadawalin makarantu da yawa ya goce. Namu hutun bai kai haka ba a zagayen da ya wuce, dole na haƙura.

Wani abu kuma da mutane ba su sani ba: wanda ya taɓa yin GSoC ba zai iya yin Outreachy ba. Duk wanda ya cancanci biyun ya yi tunani kan wadda zai fara.

Anti Hauwa Yaba:
Zainab, kada ki yi ƙarya a jadawali ko da wani ya ba ki shawarar haka, ki jira zagayen da ya dace, ko bayan jarrabawar ƙarshe kafin kiran bautar ƙasa. Kafin nan ki ci gaba da tura gyara. Ki kuma shiga She Code Africa idan ba ki ciki. Ada Nduka Oyom ce ta kafa ta a 2016, za ki samu mata da suka bi wannan hanyar su duba miki amsoshinki. GSoC ta fi sassauci a nan, aikin mako 12 ne amma ana iya miƙa shi har mako 22 idan kun daidaita da jagora. Sadiƙu, kai ma ka rubuta makonnin jarrabawarka ƙarara a cikin takardarka. Jagora ya fi son wanda ya ce "sati biyun nan ba na nan" da wanda ya ɓace babu labari.

Kabiru Mile 12:
Tambaya. Ni na fi shekara ina fassara a translatewiki, ina kuma karanta jimloli a Common Voice na Mozilla, ɓangaren Hausa. Wannan yana shiga lissafi?

Anti Hauwa Yaba:
Gudummawa ce ta gaske, Allah ya saka. Amma in gaya maka gaskiya, aikin GSoC na rubuta kod ne, fassara kaɗai ba za ta zama aikinka ba. Amfaninta a wurinka shi ne ka riga ka san gidan, ka san yadda ake magana da jama'arsa. Mataki na gaba, duk inda ka ga fassara ta ƙi zama daidai, kamar rubutu ya fi maɓalli tsawo ko bincike ya kasa gano kalma mai ɗauke da ƙ, ka bi sawu zuwa kod ɗin. Idan kuma harkar harshe da na'ura ce ke burge ka, duba Masakhane da HausaNLP, ayyukansu a buɗe suke.

Usman Alaba Rago:
Ba wanda ya taɓa maganar laftof da wuta, kuma ita ce ke kayar da mu a nan Legas. Sadiƙu, ram 4 za ta yi idan ka zaɓi manhaja mara nauyi. Manhajar Python zalla za ta tashi lafiya, amma wadda sai ka kunna Docker da rumbun bayanai da sauran tarkace za ta sa ka kuka. Idan akwai hali ka leƙa Computer Village, layin Otigba, a duba ko injinka yana karɓar ƙarin ram, ka mayar da ita 8. Ka je da wanda ya san kan abin. Ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux, ko a gefen Windows ne, domin yawancin bayanan girkawa da Linux a rai aka rubuta su. In duk ya gagara, GitHub Codespaces yana ba da kusan awa 60 kyauta a wata a ƙaramin inji, kwamfutarka taga ce kawai, sai dai yana cin data kuma yana son intanet mai tsayawa. Ka nemi GitHub Student Developer Pack da katin makarantarka tun kana ɗalibi.

Maganar data, babban rumbu ka sauke shi da git clone --depth 1, ba sai ka jawo tarihin shekara goma ba. Ka yi da dare lokacin garaɓasa. Daɗin Git shi ne ba ya buƙatar intanet sai lokacin turawa, kana iya aikinka duka ka ajiye, in ka shigo makaranta ka tura. Ni haka nake yi, ina caji a shagon maƙwabcinmu mai janareta da yamma, in yi aiki bayan Isha.

Ƙarin abu ɗaya, lokutan taronsu da UTC, wato agogon duniya, suke rubutawa. Mu muna gaba da awa ɗaya. Haka ranar rufe karɓar takarda, kada ka bari sai awar ƙarshe, ka tura kwana biyu kafin, kana iya sabuntawa.

Nura Idi-Araba:
To na ji ana iya tura takarda har uku a GSoC, ba gara mutum ya watsa ƙugiya a ƙungiyoyi uku ba?

Malam Bello Ikeja:
Uku ne iyaka, amma ɗaya za a ba ka. Taura biyu ba ta taunuwa. Takarda mai kyau tana nuna ka karanta kod ɗin, ka ambaci fayilolin da za ka taɓa, ka raba aikin mako-mako, ka kuma nuna wa jagora daftarin tun kafin a rufe ya yi maka gyara. Mai aji da shago ba zai yi wannan sau uku ba. Ɗaya ka riƙe, ta biyu ta zama ta ko-ta-kwana idan ta farkon ba ta fito a jerin Fabrairu ba.

Kabiru Mile 12:
Ina kuka tsaya kan ChatGPT da ire-irensa? Abokaina duk da shi suke rubuta takardun.

Anti Hauwa Yaba:
Ka fara duba dokar ƙungiyar, wasu sun hana ƙarara, wasu sun ce ka bayyana inda ka yi amfani da shi. Ni a ganina, ka tambaye shi ya bayyana maka layin da ba ka gane ba, babu laifi, sai ka gwada ka tabbatar. Amma kada ka tura abin da ba za ka iya kare shi ba. Mai bita zai tambaye ka me ya sa ka yi haka, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. Daniel Stenberg, mai riƙe da manhajar curl, ya sha rubutu a fili kan rahotannin ƙarya da na'ura ke rubutawa ana turo musu, su ɓata sa'o'i suna bin abin da babu shi. Masu riƙe da manhajoji sun gaji da wannan, kuma suna gane shi daga nesa.

Usman Alaba Rago:
Ni na ɗan bambanta da Anti kaɗan. Wasunmu Turancinmu bai nuna sosai ba, kuma tsoron rubutu ne ke hana su magana a zaure. Idan mutum ya rubuta tunaninsa da kansa, ya ba na'ura ta gyara masa nahawu kawai, ban ga aibu ba.

Anti Hauwa Yaba:
Na yarda da wannan muddin dokarsu ba ta hana ba. Amma Usman, ka gaya musu kada Turanci ya tsorata su. Yawancin waɗanda na yi aiki da su daga Indiya da Jamus da Burazil suke, su ma ba harshen uwarsu ba ne. Tambaya mai kyau abu uku take so: me na yi, me na zata zai faru, me ya faru, sai ka liƙa saƙon kuskuren yadda yake. A zauren kowa za ka yi ta, kada ka bi jagora ta bayan gida da saƙon sirri. Kuma kada ka rubuta gaisuwa kaɗai ka zauna jiran amsa kamar yadda muka saba, su a wurinsu gaisuwa da tambaya tare suke tafiya. Idan kwana uku sun wuce shiru, ba raini ba ne. Ka jira sati, ka tuna musu da ladabi.

Sadiƙu Agege:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Ni da abokina mun yi gwajin karon da Malam ya ce, sau biyu, na biyun ni kaɗai na warware. Na zaɓi wata manhajar Python mara nauyi, na yi sati ina karanta zaurensu. Jiya da dare ta tashi a laftof ɗina, gwaje-gwajensu duka suka wuce. Amma kafin nan na maƙale kwana biyu, domin akwai wani abu da dole a girka a Ubuntu wanda ba su rubuta a bayanin girkawa ba. Sai a wani tsohon ƙorafi na gano. Na duba ƙorafe-ƙorafe masu alamar "good first issue", wato waɗanda aka ware wa sabbin shiga, duk wasu sun riga sun ɗauka. Shin in gyara bayanin girkawar in tura, ko wannan yana cikin gyaran banzan da Malam ya ambata?

Malam Bello Ikeja:
A'a, wannan ba ya ciki. Abin da ya ci maka kwana biyu zai ci wa na bayanka. Fara da rubuta ƙorafi, ka faɗi wace Ubuntu kake kai da wace Python, ka liƙa kuskuren, ka ce kana son ka gyara. In sun amsa sai ka tura.

Anti Hauwa Yaba:
Barka ƙanena! Bayan wannan ka duba tsofaffin ƙorafe-ƙorafe waɗanda wani ya ce zai yi ya ɓace wata da watanni, ka tambaya ko za ka iya ɗauka. Ka kuma sa ido kan tarukan Open Source Community Africa, a nan Legas suka yi babban bikinsu na farko a Fabrairun 2020 a Gbagada, kuma a irin wuraren ne za ka haɗu da waɗanda suka gama shirin.

Ranar Asabar ina Yaba, wajen Herbert Macaulay. Duk mai so ya zo da laftof bayan Azahar mu zauna awa biyu, Zainab ki zo da daftarin amsoshinki, Nura ko ba ka zaɓi ƙungiya ba ka zo mu zaɓa tare. Ku rubuta sunayenku a nan kafin Alhamis in san yawan kujerun da zan nema.

Zainab Obalende:
Ina ciki Anti, zan zo da ƙawata ɗaya.

Nura Idi-Araba:
Zan roƙi Yaya ya tsaya mini a shago. Ku sa sunana.

Usman Alaba Rago:
Zan taho da wayar jona caji mai baki shida da filashi mai Ubuntu a ciki. Sadiƙu, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri kafin ranar, kai ma Nura haka.